Motar Ɗanliti a Rabon Fadama

Ranar da Ɗanliti ya shigo Bagudo da motar nan, ni na ɗauka kwale-kwale aka kifar aka shafa masa jan fenti. Ƙasa-ƙasa take, cikinta na neman sharar titi, ƙofofinta kuwa ba sa buɗewa gefe irin na motocin mutanen kirki, sama suke ɗagawa. Ya tsaya a ƙofar gidanmu, ƙofa ta ɗaga, muka zuba ido. Ya fara turo ƙafa ɗaya, sannan gwiwa, sannan ya dafa ƙasa da hannu, daga nan sauran Ɗanliti ya biyo baya yana murmushi.

Ɗanliti ƙanena ne, ɗan ƙanin mahaifina. Sana'arsa shigo da motoci daga Kwatano, kuma ba zan rage masa ba, ya iya. Abin da bai taɓa iyawa ba shi ne rufe baki. A wannan tafiyar ya haɗa motoci biyu na sayarwa da a-kori-kurar da ke kwaso mana shinkafa daga gona, ya miƙa wa wani dillali can Benin, aka miƙo masa wannan abar.

"Wagga hwa ba irin motocin da kunka sani ba ta," in ji shi, yana kakkaɓe gwiwa. "Tana shan mai, tana shan wuta. Jona ta ake yi awa waya. In ta ƙoshi da wuta, ko ɗigon mai ba ta so."

Baffa Namadi, babban gidanmu, ya zagaya ta sau biyu yana dogara sanda. Ya leƙa gaba, ya leƙa baya.

"Ina ake sa buhu?"

"Baffa, ba a sa mata buhu."

"Mutum nawa take ɗauka?"

"Biyu."

"Ban da direba?"

"Da direba."

"To ai babur ɗin Lukmanu ya hi ta da mutum biyu da akuya," in ji Baffa. Ni ne Lukmanun, kuma gaskiya Baffa ya faɗa.

Ɗanliti ya yi dariyar tausaya wa jahilai. Ya ce kafin mutum ya gama bisimilla motar ta kai gudun ɗari. Abdulganiyu mai bumburutu, wanda ke jera kwalaben fetur a tsallaken titinmu, ya tambaye shi a kan wace hanyar, don shi dai bai san wadda za a yi hamsin a kanta ba tare da mutum ya haɗiye harshensa ba.

"Kai ka yi shiru," in ji Ɗanliti. "Ku 'yan bumburutu kwananku ya ƙare. Jama'a ku shaida, duk ranar da kunka ga kwalbar mai ta kusanci motag ga, ku sake mini suna."

"Mun shaida," in ji Abdulganiyu, ya koma kan bencinsa.

Da abin ya tsaya nan, da ba mu yi asarar komai ba sai a-kori-kura. Amma saura kwana uku a yi rabon fadama.

Asalin gidanmu Tungar Giwa ne, gaba da Kaoje, daf da iyakar Benin. Can fadamarmu take. Kowace shekara kogi yakan hau ya shafe iyakokin gonaki tas, in ruwa ya janye sai Sarkin Noma ya fito da igiya ya sake auna wa kowane gida nasa. Ƙa'idar guda ce, kuma ta girmi kowa a cikinmu: idan igiya ta iso gonarku, za a kira sunan maigida sau uku, dole a gan shi tsaye da ƙafarsa a kan ƙasar. Ba a aiko ɗa, ba a aiko ƙane. Wanda ba a ga ƙafarsa ba, noman ranin wannan shekara maƙwabcinsa ne zai yi a wurin. Gonarmu kuwa ita ce ta bakin ruwa, ita ke ciyar da bakuna talatin da wani abu a gidanmu.

Maƙwabcin namu shi ne Ma'azu. Gidansa na tsallaken iyaka, amma tun kakansa a nan suke noma. Mutum ne mai fara'a da haƙuri, kuma duk inda ya haɗu da ɗan gidanmu sai ya tambayi lafiyar gwiwar Baffa, tambaya ta tsanaki, har da wace ce ta fi ciwo.

Shekara goma sha ɗaya ni ke kai Baffa a babur. Mu yi sallar asuba mu hau, kafin a warware igiya Baffa na tsaye a tsakiyar gona yana cin goro.

"Bana ni ka kai Baffa," in ji Ɗanliti. "Ya isa haka nan. Dattijo guda ana ɗaura shi bayan babur awa buhun gawayi, ana nuna mu."

Na ce ban yarda ba. Na ce wannan ba biki ba ne, abincin gida ne. Baffa ya tsaya yana kallon motar, har na fara murna, sai ya yi tambayar da ta kashe mu.

"Ma'azu zai gan ni ciki?"

"Baffa, har Benin za a gan ka."

Shi ke nan, aka sallame ni daga aiki. Sai dai na ce zan bi su a baya da babur, Ɗanliti ya ce in bi, in har zan iya hango ƙurarsu.

Saura a ba motar wuta, wutar gari kuwa kwana tara ba mu sa ta a ido ba. Ɗanliti ya nufi rumfar Bunyaminu mai cajin waya a bakin kasuwa. Bunyaminu na da ƙaramin janareto da wayoyin rabin kasuwa jere a kan katako. Ya dubi igiyar wutar motar, mai kaurin wuyan hannu, ya ce shi dai yana tsoro.

"Waya ta hwa, babba dai ta," in ji Ɗanliti. "Jona."

Aka jona. Janareto ya yi tari sau biyu, ya yi wani kuka da ban taɓa jin inji ya yi ba, ya fitar da hayaƙi ya mutu. Wayoyi suka ɗauke gaba ɗaya. Kafin a ce me, masu wayoyi sun cika rumfa, mai jiran kiran ɗansa daga Legas, mai jiran dillalin shanu. Bunyaminu ya ɗora hannu a ka yana kallon Ɗanliti, shi kuwa ya ce laifin janareton ne, bai saba da manyan baƙi ba.

Daga nan aka tura motar gidan casar shinkafa, inda babban inji yake. Mai gidan ya tsayar da casa aka jona ta, ta kwana tana sha, ta wuni tana sha. Mata masu turara shinkafa suka yi layi da buhunansu a rana. Shugabarsu Rahmatu ta tako har gaban Ɗanliti ta riƙe ƙugu.

"Ɗanliti, shinkafarmu ka jiran wagga ta gama cin abinci?"

"Hajiya, ci gaba na. Ku yi haƙuri."

"In ta ƙoshi, mi take yi?"

"Gudu."

"Mu in munka ƙoshi aiki muke yi," in ji ta, ta juya.

Sai kuma ga Abdulganiyu. Shi ke kawo wa injin mai, kuma duk jarkar da ya ɗauko sai ya bi ta gaban Ɗanliti ya sauke ta ya huta.

"Alhaji, barka da hutawa. Motar da ba ta shan mai ta gama da jarka ta uku."

"Inji ka sha, ba mota ba!"

"Haka na, Alhaji. Ga ta huɗu nan tahe."

Ranar rabo na yi asuba na fito da babur. Ɗanliti bai fito ba sai da hantsi ya ɗaga, kasuwa ta cika. Ya ce ba amfanin tashi da irin wannan mota babu mai gani, kuma ai tafiyar da nake yi a awa biyu shi minti ashirin ce.

Shigar da Baffa ta ci rabin awa. Malafarsa ba ta shiga ba, aka ba ni. Sandarsa ba ta shiga ba, aka ba ni. Babbar rigarsa sai da aka naɗe ta aka cusa masa a cinya. Mutum biyu suka riƙe shi ta hammata suka sauke shi cikin kujerar a hankali, gwiwoyinsa suka taso suka kusa taɓa gemunsa.

"Wanga zama na ko kwanciya?" in ji Baffa.

"Haka Turawa ka zama, Baffa."

"Makara ta hi ta hili."

Amma da aka rufe ƙofa sanyi ya buso masa, ya ga jama'a sun yi cincirindo suna leƙe, sai ya gyara fuska ya ɗaga musu hannu kamar wanda ya saba.

Motar ta sulale ba ƙara, mutane suka yi kabbara. Ta yi tafiyar da ba ta kai tsawon filin ƙwallo uku ba, ta iso tudun rage gudu na farko, irin wanda mutanen unguwa ke tarawa da jar ƙasa don kada masu mota su kwashe musu awaki. Muka ji ƙuuu a ƙarƙashinta. Ɗanliti ya yi ƙara kamar nasa cikin aka karce. Ya rarrafo waje, ya kwanta a ƙasa ya leƙa, ya tashi ya ce nauyi ne ya yi yawa, sai Baffa ya fito.

Aka zaro Baffa. Aka aro benci biyu wurin mai shayi aka jingina su a tudun, motar ta hau a karkace, aka mayar da benci, aka mayar da Baffa. Tudun nan bakwai ne kafin gada, na san su tun da ni ke bin hanyar. Wata tsohuwa mai tallan daddawa da muka wuce a tudu na farko ta same mu a na biyu, ta wuce mu a na uku. A na biyar ta tsaya ta sauke kwandonta ta sha ruwa.

"Sannunku da sauri," in ji ta.

Bayan gada muka tarar da garken shanu ya cika hanya. Shanun yankinmu sun san mota da ƙararta, in sun ji sai su ja gefe. Wannan kuwa ta iso bayansu shiru, ba wadda ta ko juyo. Ɗanliti ya danna oda, ta yi wata siririyar murya mai daɗi, wata saniya ta kaɗa kunne ta ci gaba da tuƙa. Makiyayin yana jingine da sandarsa yana kallo.

"Tada injin mana su ji," in ji shi.

"Ba ta ƙara! Da lantarki take tahiya!"

"To ka jira su gama."

Wani bijimi ya matso ya sami madubin gefe daidai wuyansa, ya fara susa. Ɗanliti yana ciki yana roƙonsa da Allah da Annabi. Na gaji, na shiga gaba na murɗa babur sau biyu, shanu suka dare.

A nan na leƙa na ce wa Baffa rana ta take tsaka, ya fito in kai shi, Ɗanliti ya same mu can. Baffa ya fara laluben ƙofa. Ɗanliti ya ƙara masa sanyi, ya sunkuyo.

"Baffa, an riga an buga ma Ma'azu waya an ce a mota za ka zo. In ya gan ka bayan babur, mi za shi ce?"

Baffa ya janye hannu. Ya ce in yi haƙuri, an kusa.

Mun wuce Kaoje da kaɗan wutar da aka kwana biyu ana ɗura mata ta ƙare, sanyin Baffa ya cinye rabi. Injin mai ya farka da wani ruri da ya sa Baffa salati da ƙarfi, kaji suka watse a gidajen bakin hanya. Ɗanliti ya leƙo yana ce mini na ji murya ko, wannan ita ce muryarta ta gaskiya. Ta yi rurin na ɗan lokaci, ta shaƙe, ta tsaya. Tankinta babu komai, domin tun ranar da ya yi rantsuwa bai zuba mata ko cokali ba.

Allah ya sa ga mai bumburutu a gindin wata bishiya, Allah kuma ya sa Abdulnasir ne, surukin Abdulganiyu. Yana ganin jar mota ya miƙe ya gyara hula, ka san labari ya riga mu isowa.

"Alhaji, lahiya? Ko wuta za a jona? Ni kwalba gare ni."

"Zuba biyar, ka bar surutu."

"Tsaya in kira shaidu."

Ya kira Abdulganiyu, ya buɗe muryar waya, ya kara ta a bakin tanki yana zuba mai don a ji ƙul-ƙul ɗin har Bagudo. Daga cikin wayar muka ji kasuwa ta ɗauki sowa. Kafin kwalba ta biyar ta ƙare an raɗa wa Ɗanliti suna Alhaji Kwalba, kuma har yau da shi yake amsawa in ya manta.

An yi azahar da daɗewa muka iso bakin fadama. Na hango taro, na hango igiya: saura gona biyu ta iso tamu. Na yi hamdala. Daga inda hanya ta ƙare zuwa gonarmu taku ɗari biyu ne a kan gaɓa busasshiya, ko da gwiwar Baffa za a kai. Na kafe babur, na ɗauko sanda da malafa, na ce a buɗe masa.

Sai dai Ɗanliti ya ga jama'a. Mutanen ƙasa biyu ne a wurin, da masu fura, da masu tsire, kowa ya juyo yana nuna jar mota. Na ga idonsa ya canza.

"Baffa ba ya taka ko taku guda," in ji shi. "Tsakiyar gona za ni aje shi."

"Ɗanliti, laka ta! Sama ta bushe, ƙasa ruwa na!"

"Lukmanu, kai babur ka sani."

Ya taka ta. Zan faɗi gaskiya, sau ɗaya ke nan na ga gudun da ake faɗa, kuma akwai shi. Ta yi ruri ta gangara kamar an harba ta, ta watsa wa Sarkin Noma laka tun daga rawani har takalmi, ta keta gonaki biyu, ta shiga tamu. A tsakiya cif ɓawon ƙasar ya fashe, ta nutse har ciki, ruwa ya taso ta gefenta yana kumfa.

Ɗanliti bai karaya ba. Ya ɗaga ƙofarsa ya rarrafo cikin laka, ya mayar da ita ya rufe don kyan gani, ya zagaya ɓangaren Baffa yana ɗaga wa mutane hannu. Ya rusuna, ya kama ƙofa. Motar ta yi ƙyaf-ƙyaf da fitilu, ta yi ɗan kuka sau uku, komai ya ɗauke. Ya ja ƙofa, shiru. Ya danna makulli, shiru. Ya koma tasa ƙofar, ita ma ta ƙi.

Daidai nan igiya ta iso. Sarkin Noma, dattijon da ba ya ɗaga murya sai wurin kiran suna, ya share laka daga gemunsa ya tsaya a bakin gona.

"Namadi!"

"Ga ni!" in ji Baffa daga ciki, yana bugun gilashi da tafin hannu.

Ma'azu ya matso, hannayensa a baya, fuskarsa cike da tausayi.

"Ranka shi daɗe, murya na ji. Ƙahwa ta ban gani ba."

Wuri ya kaure. Wasu suka ce ai mutum ya zo, ga shi ana gani. Wasu suka ce shekarun baya da wani ya zo a kan jaki sai da aka sa ya sauka. Wani ya ce jaki ai ana iya sauka daga kansa. Ni ban tsaya sauraro ba, na faɗa cikin laka da sandar Baffa na nufi gilashi. Ɗanliti ya riga ni, ya baje jikinsa a kan tagar, hannu nan, ƙafa can.

"Kashe ni, amma kak ka taɓa shi! Gilashin ga daga Turai aka aiko shi, wata shida ba ya isowa!"

"Kauce, Ɗanliti! Abincin gida na!"

"A kira makanike! A ba ni minti goma!"

"Namadi!" in ji Sarkin Noma, karo na biyu.

Baffa na ciki ya jiƙe da gumi tunda sanyi ya ɗauke, yana ihu a farfashe shi, a farfashe motar ma gaba ɗaya. Na zagaya ɗaya tagar, Ɗanliti ya haye ta kan motar ya tare. Na kama rigarsa, ya kama sandar, muka yi ta juyi, manyan mutane biyu masu iyali, gaban mutanen ƙasa biyu. Santsi ya kwashe mu tare, sanda ta yi tsalle ta faɗa cikin ruwa. Ina laluben ta da hannu biyu na ji kira na uku.

"Namadi!"

 Wallahi a lokacin ji na yi kamar in zauna cikin lakar nan in yi kuka, domin na san yawan bakunan da ke jiran wannan gona, na san su da sunansu.

Sarkin Noma ya daɗe yana kallon motar. Mutum ne mai gudun zalunci, kuma mai gudun a ce ya karya ƙa'ida. Ya yi shawara da dattawa biyu, ya dawo.

"Ba a cewa Namadi bai zo ba, ga shi muna gani. Ba a kuma cewa ya taka ƙasa, bai taka ba. Mota ta taka mishi. Don haka abin da mota tat taka nashi na. Saura na maƙwabci, har baɗi."

Aka ja igiya aka zagaye motar. Aka kafa turaku huɗu, ɗaya a gindin kowace taya. Mai igiya ya tambaya ko a haɗa da madubin gefe, Ma'azu ya ce a haɗa, shi ba mai ƙyashi ba ne. Taro ya wuce gona ta gaba.

Baffa kuwa haushi ya sa yana ta fizgar duk abin da hannunsa ya kai. Ya fizgi wani ɗan madauri a gefen ƙafarsa, ƙofa ta ɗaga sama a hankali, lafiya lau. Ashe tun farko yana nan, an yi shi ne don irin wannan rana, mai motar ne bai taɓa sani ba.

Muka zaro Baffa. Ya sauke ƙafa ɗaya cikin laka, ya sauke ta biyu, ya miƙe da ƙyar.

"Malam Namadi, sannu da hanya," in ji Ma'azu. "Sai dai a yi a hankali, gonata kake takawa."

Baffa bai kula shi ba. Ya dubi turakun nan huɗu ɗaya bayan ɗaya, ya dubi Ɗanliti da ke tsaye laka har kunne. Bai zage shi ba, ni kuwa da zagin ya yi da ya fi mini sauƙi.

"Ɗanliti."

"Na'am, Baffa."

"Kauda motarka daga gonar gidanmu, shuka za ni yi."

Ɗanliti ya ce gobe da sassafe zai kawo tarakta.

"Ta ina?" in ji Ma'azu. "Gobe da sassahe ni ka zuba iri."

Haka motar ta yi rani a wurin, shinkafar Ma'azu ta tashi ta kewaye ta har ba a ganin komai sai jan rufinta yana walƙiya. Mu kuwa gidan manoman shinkafa, a shekarar a kasuwa muka riƙa awo, kuma sau da yawa na gane ƙwayar gonarmu a cikin kwano.

Bayan girbi Ma'azu ya zo Bagudo da kansa, da buhun shinkafa guda a bayan babur, ya sauke a gaban Baffa. Ya ce tunda yake noma bai taɓa samun shekarar da tsuntsaye suka ƙyale masa shinkafa irin bana ba, ko ɗaya ba ya sauka kusa da jar abar nan. Ya juya wurin Ɗanliti da fara'arsa.

"Alhaji, masu cewa ba ta da amfani ba su san noma ba. In ba ka da inda za ka da ita baɗi, a bar mini ita nan inda take."